Gatarin Aro: Alhakin Karatun Manya A Wuyan Wa Yake?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gemu ba ya hana ilmi. Wannan magana ta daɗe tana ƙarfafa wa manya guiwa su koma gaban malami bayan furfura ta fara leƙowa, sai dai ba ta faɗa mana wanda zai kafa ajin, ya sayi allo da alli, ya kuma biya malamin ba. A zamanin nan, da zarar an ambaci karatun manya ko ilmin tushe a ƙasar Arewa, abin da kan biyo baya shi ne sunayen hukumomin ƙetare, irin su UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya da hukumomin raya ƙasashe na Amurka da Birtaniya. Har ta kai wasunmu sun ɗauka koya wa babba karatu sana'ar baƙi ce, namu kurum mu tare su, mu raka su ƙauye, mu yi jawabin godiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta tattauna tambaya guda mai rassa biyu. Shin koya wa babba karatu sadaka ce wadda duk mai hali zai iya yi in ya ga dama, ko kuwa bashi ne da ke kan wasu mutane sanannu? In kuwa bashi ne, mene ne matsayin baƙon da ya taso daga uwa duniya ya ce zai taya biya? Za a kafa hujja da garin Potiskum na Jihar Yobe, domin gari ne da ya tara abubuwan da tambayar ke bukata: kasuwar shanu wadda ake lasaftawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, harsuna barkatai, daɗaɗɗen karatun allo, da kuma tabon rikicin da ya jawo masu ba da agaji daga ƙasashe daban-daban.

Wane Ne Jahili?

Kafin a yi zancen magani, ya kamata a tabbatar da sunan cutar. Sunan da muka gada shi ne jahilci. A farkon shekarun 1950 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da gangamin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa, aka buɗe azuzuwa a birane da ƙauyuka domin koya wa manya karatu da rubutun boko da ɗan lissafi. Gangamin ya yi amfani ƙwarai, amma sunansa yana ɗauke da wani rashin adalci. A wancan lokaci Potiskum tana cikin Lardin Barno, wato ƙasar da aka shafe ƙarnoni ana yi mata tattaki domin neman karatun Alƙur'ani. Gwanin da ya haddace shi, ya kuma rubuta shi da ka, in aka zo ƙidaya da ma'aunin boko sai ya faɗa sahun jahilai.

Haka nan idan muka dubi dillalin da ke kara a Potiskum, za mu ga mutum ne da zai kalli sa sau ɗaya ya faɗi abin da zai yi a kasuwar Kudu, ya riƙe lissafin fatake goma a kansa ba tare da ya haɗa kuɗin wani da na wani ba, ya yi ciniki da Bolanci, ya juya ya yi da Fulatanci, ya rufe da Hausa. Kiran wannan mutum jahili cin fuska ne. Abin da ya rasa makami ne guda ɗaya, wato haruffan da Turawan mulki suka zaɓa su zama na ofis tun zamanin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Daɗin daɗawa, 'yar ƙofar da ajami ya bar masa ita ma tana ta ƙuntata, domin a 2007 an cire rubutun ajami daga ƙananan takardun Naira.

To, amma kare mutuncin wannan bawan Allah ba zai sa mu yi masa daɗin baki ba. Rashin wannan makami yana cutar da shi, kuma cutarwar ta wuce asarar kuɗi. Bahaushe ya ɗauki rufin asiri a matsayin ƙololuwar abin da ake roƙo a zaman duniya, wanda kuwa bai iya karatu ba a yau asirinsa a hannun mutane yake. Saƙon banki in ya shigo wayarsa sai ya nemi yaro ya karanta masa, ta haka yaron ya san abin da ya mallaka. Lambar sirrinsa ta cire kuɗi sai ya faɗa wa wani, ta tashi daga sirri. Takardar asibitin matarsa sai maƙwabci ya duba, takardar gonarsa kuwa yakan dangwala mata yatsa bisa amanar abin da aka ce masa ta ƙunsa. Uwar da aka ba maganin jariri ba ta da abin dogaro sai abin da ta iya tunawa daga bakin mai ba da magani. Saboda haka, a wannan zamani karatu sutura ne, kamar riga da zane. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Sadaka Ko Bashi?

Tsakanin sadaka da bashi akwai bambanci mai faɗi. Mai sadaka shi ke zaɓen lokaci da adadi da wanda zai ba, ran da ya daina kuwa babu mai tuhumarsa. Mai biyan bashi ba shi da wannan zaɓi, kuma wanda ke binsa yana da bakin tambaya. Abin dubawa a nan shi ne, ta yaya magidanci ko uwar 'ya'ya suka kai shekara arba'in ba su san baƙi ba? Ba su suka yanke wa kansu wannan hukunci ba, domin yaro ɗan shekara shida ba ya zaɓa wa kansa makoma. Ko dai babu makaranta a ƙauyensu, ko akwai ginin babu malami, ko kuwa an tura shi kiwo, ita kuma an ɗora mata talla.

Bugu da ƙari, tarihi ya nuna cewa waɗanda ba su yi boko ba su suka ɗauki nauyin waɗanda suka yi. Makarantun elamantare na zamanin En'e daga baitulmali ake gudanar da su, baitulmali kuwa da haraji da jangali ake cika shi. Makiyayin da aka ƙirga shanunsa aka karɓi jangali, da manomin da ya sayar da gyaɗa ko gero ya biya haraji, su suka sayi bencin da 'yan boko na farko suka zauna a kai. Mu da muka biyo bayansu muka shiga jami'o'in gwamnati, daga dukiyar ƙasa wadda kowa ke da haƙƙi a cikinta aka ilmantar da mu. Ashe ke nan duk mai takardar shaida a cikinmu ya ci rabon wani ya haɗa da nasa.

Hukuma ma ta amsa wannan bashi da bakinta. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. A ranar 8 ga Satumba, 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da gangamin koyar da manya na ƙasa baki ɗaya. A 1990 aka kafa Hukumar Ilmin Manya ta Ƙasa. Sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya lasafta koyar da manya kyauta cikin abubuwan da gwamnati za ta samar, ko da yake an rataya shi ga samun hali. A 2004 kuma aka yi dokar da ta wajabta ilmin tushe kyauta ga kowane yaro. Yaron da ke da shekara shida a waccan shekara yau magidanci ne, in kuwa bai iya karanta sunansa ba, to shi kansa shaida ne na alkawarin da ba a cika ba.

Ba kuma daga Turawa muka fara jin cewa ilmantar da babba wajibi ne ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da matan aure da tsofaffi. Babu wata hukumar ƙetare da ta ba ta ko anini. Amsar reshen farko na tambayarmu ke nan: karatun manya bashi ne, kuma a wuyan hukumominmu da masu ilminmu yake.

Hannun Baƙo

Idan haka ne, yaya aka yi baƙi suka shigo cikin lamarin? A watan Satumba na 1965 UNESCO ta tara ministocin ilmi na duniya a birnin Tahran na ƙasar Iran, inda aka amince cewa a riƙa haɗa koyon karatu da sana'ar mai koyo. Daga nan ne aka samo ranar 8 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Tsakanin 1967 da 1973 aka gwada wannan dabara a ƙasashe 11, ciki har da Mali da Gini da Sudan da Habasha da Tanzaniya, da kuɗin Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka zo bin diddigi a 1976, masu shirin da kansu sun amsa cewa abin da aka girba bai kai abin da aka shuka ba, kuma daga cikin darussan da suka fitar har da cewa ƙwarewar masana daga waje ba ta maye gurbin niyyar shugabannin gida.

A 1990 aka sake haɗuwa a Jomtiyen ta ƙasar Tailan aka ɗaga tutar ilmi ga kowa. A 2000 aka taru a Dakar aka yi alkawarin rage rashin karatun manya da rabi kafin 2015. Da 2015 ta zo ba a cim ma haka ba, sai aka ɗaga wa'adi zuwa 2030. Har yanzu ƙididdigar UNESCO tana nuna manya fiye da miliyan 700 a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku mata ne. Wani abin lura shi ne, bayan taron Jomtiyen akasarin kuɗin masu ba da taimako makarantun yara suka nufa, manya kuwa sai ɗan abin da ya rage a gindin tukunya, alhali kuwa uwar da ta iya karatu ita ce malamar farko ta ɗan firamare.

A Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro daga Barno a 1991, masifa ce ta ƙara buɗe wa baƙi ƙofa. A ranar 6 ga Yuli, 2013 'yan bindiga suka auka wa makarantar sakandare ta Mamudo, kusa da Potiskum, suka kashe mutane fiye da 40, akasarinsu ɗalibai. A ranar 10 ga Nuwamba, 2014 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum, nan ma ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Ga na Buni Yadi a 2014, ga sace 'yan matan Dapci a 2018. Makarantu suka rufe na wani lokaci, garuruwa irin su Potiskum suka cika da 'yan gudun hijira. A cikin wannan hali ne hukumar USAID ta Amurka ta kawo wani shiri daga 2014 na buɗe cibiyoyin karatu ga yara da matasan da rikici ya raba da gidajensu, wanda ya shafi Adamawa da Bauci da Gwambe da Yobe da Barno. A 2017 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 611 domin mayar da yara makaranta a jihohi 17, Yobe tana ciki.

Duk mai adalci zai yaba wa wanda ya kawo ruwa ran gobara. Sai dai akwai abubuwa uku game da hannun baƙo da ya wajaba mu sani. Na farko, ba duk abin da ake kira taimako ne kyauta ba. Kuɗin Bankin Duniya da aka ambata rance ne mai sauƙin sharuɗɗa, kuma 'ya'yan waɗanda aka yi domin su suna cikin masu biya. Na biyu, ma'aikacin hukumar ƙetare ba mutanen Potiskum yake yi wa bayani ba, majalisar ƙasarsu da masu biyan harajinta yake yi wa, su kuwa alƙaluma suke so. Saboda haka abin da ke da sauƙin ƙirgawa, kamar yawan waɗanda aka rubuta a rajista da yawan takardun shaida da aka raba, shi kan rinjayi abin da ke da wuyar ƙirgawa, wato ko mutum yana iya karanta wasiƙa bayan shekara uku. Na uku, baƙo raɓa ne. A watan Janairu na 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙetare, a tsakiyar shekarar kuma aka rufe USAID ɗungurungum. Ba a shawarci ko mutum ɗaya daga cikin masu amfana ba, kuma ba su da kotun da za su kai ƙara, domin abin da ake ba su sadaka ce a idon mai bayarwa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

To, Sai Mu Ƙi Karɓa?

Akwai masu ganin cewa tunda haka ne, abin da ya fi mutunci shi ne a rufe ƙofa. Hujjarsu ita ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya biya kuɗin littafi kuwa shi zai zaɓi abin da za a rubuta a ciki. Wannan tsoro yana da tushe, bai kamata a yi masa dariya ba. Littafin koyon karatu ba haruffa kaɗai yake koyarwa ba, yana nuna wa mai koyo irin rayuwar da ake ɗauka ta ƙwarai ce, da irin wadda ake ɗauka ta ci baya ce.

Amma duk da haka, a nawa ganin, ƙin karɓa ba shi ne mafita ba, saboda dalilai biyu. Na farko, waɗanda kan yi wannan kira galibi sun riga sun yi karatu, 'ya'yansu kuma suna makaranta. Bazawarar da aka kashe wa miji a rikici, wadda ke son ta iya rubuta bashin da ake ci a wajen sana'arta ta ƙosai, ita za ta biya kuɗin wannan jin kai namu. Ba daidai ba ne mutum ya yi azumin alfahari da cikin wani. Na biyu, ilmi da kayan aikinsa ba su taɓa zama a gida ɗaya ba. Yawancin Alƙur'anan da gwanayen Barno suka rubuta da hannu a ƙarni na 19, a kan takardar da aka yi a Italiya aka rubuta su, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke ratso Sahara da ita daga Tarabulus. Alƙaluman lissafin da muke amfani da su daga Indiya suka taso, suka biyo ta hannun Larabawa. Kakanninmu sun sayi takardar baƙo, amma su suka zaɓi abin da suka rubuta a kanta.

A nan ne bakin zaren yake. Aron gatari ba abin kunya ba ne ga wanda gungume ya tare wa hanya. Abin kunya shi ne a shekara hamsin ana aro ba a je maƙera ba, har a manta cewa saran aikin mai gona ne. Ƙasar Tanzaniya tana cikin ƙasashe 11 da aka ambata, ta kuma karɓi taimako, amma Shugaba Nyerere shi ya ayyana 1970 a matsayin shekarar ilmin manya, aka yi aikin da harshen Suwahili, malaman firamare na ƙasar suka ɗauke shi a matsayin nasu. Kyuba kuwa a 1961 ta tura ɗalibanta fiye da 100,000 ƙauyuka, suka taya koyar da mutane kimanin 700,000 cikin shekara guda. A nan gida, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano a 1980 da kuɗin jiha, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. A duk waɗannan wurare masu gida ne suka riƙe ƙotar.

Ma'aunin Taimako Na Ƙwarai

Tunda ba za a rufe ƙofa ba, ba kuma za a bar ta a hangame ba, sai a nemi ma'auni. Ina ganin tambayoyi uku sun isa a auna kowace irin yarjejeniya da su.

Tambaya ta farko ita ce, me zai rage bayan an tafi? Karatu kamar wuƙa yake, in ba a amfani da shi sai ya yi tsatsa. Magabatan Yaƙi da Jahilci sun gane haka, shi ya sa aka kafa Hukumar NORLA a Zariya domin samar wa sababbin makaranta abin karantawa, ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano da Albishir ta Barno. Da hukumar ta rushe a 1959 sai wannan rijiya ta ƙafe. Abin da ya sake raya karatun Hausa a tsakanin talakawa, musamman mata, shi ne littattafan da marubuta suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu a Kano daga shekarun 1980. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, a ajin manyan mata ta ƙarasa koyon karatu da rubutu, daga baya ta zama marubuciyar da ake nazarin ayyukanta a jami'o'i. Shirin da zai raba takardar shaida ya tafi bai bar abin karantawa ba, ya yi shuka ne a kan dutse.

Tambaya ta biyu ita ce, wa ya zaɓi abin da za a koya, kuma da wane harshe? Masanin nan na ƙasar Barazil, Paulo Freire, ya gina hanyarsa ta koyar da manya a kan kalmomin da su masu koyon ke rayuwa da su, domin ya ƙi yarda a ɗauki babba kamar tulun da babu kome a ciki. A Potiskum wannan yana nufin darasin dillali ya taso daga la'ada da rasit, na direban tirela daga takardun mota da alamun hanya, na mai ƙosai daga mudu da riba. Wanda ya iya ajami kuwa a ɗora masa daga inda yake, kada a mayar da shi farko kamar bai taɓa riƙe alƙalami ba. Batun harshe kuma ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa. Hausa ce harshen kasuwa a Potiskum, amma ba ita ce harshen uwa na Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Ngamawa ba. Mu da muke kukan Ingilishi ya danne Hausa, bai kamata mu yi wa waɗannan harsuna abin da muke ƙi a yi wa namu ba.

A kan wannan akwai misali mai kyau a Potiskum ɗin kanta. Daga farkon shekarun 2000, Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas, wanda aka fi sani da Malam Takalmi, tare da Farfesa Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, sun jagoranci wani aikin bincike a kan harsunan Yobe da kuɗin wata gidauniyar kimiyya ta gwamnatin Amurka. 'Yan asalin harsunan ne suka tattara kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana, aka fitar da ƙamusoshin Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Ngamo da Badanci, masu fassara zuwa Hausa da Ingilishi, aka kuma buga su a nan Potiskum. Aikin ba na koyar da manya ba ne kai tsaye, amma ya samar da abin da ajin manya ba ya yiwuwa sai da shi, wato daidaitacciyar hanyar rubuta harshe da abin karantawa a cikinsa. Malam Takalmi ya rasu a 2016, kuɗin aikin sun daɗe da ƙarewa, littattafan kuwa da mutanen da suka ƙware wajen rubuta harsunansu suna nan.

Tambaya ta uku ita ce, daga aljihun wa albashin malami ke fitowa? Baƙo yana iya kawo horo da littattafai da dabarun da aka gwada a wasu ƙasashe, domin waɗannan abubuwa ne da in an samu sau ɗaya sukan daɗe. Amma alawus ɗin malamin da zai tsaya gaban aji kowace yamma, wannan numfashin shirin ne, ba a kuwa aron numfashi. Duk ajin da malaminsa ke jiran kuɗi daga Washintan ko Landan, ranar mutuwarsa tana rubuce a wata takarda da bai taɓa gani ba. Abin takaici shi ne, dokar 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka, amma an sha samun jihohin da suka bar nasu yana kwance shekara da shekaru. Wanda bai ɗebi ruwan randarsa ba, da wane baki zai zargi maƙwabci da rowa?

Naɗewa

A taƙaice, wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa babban da bai iya karatu ba mai bin bashi ne, kuma masu ilmi da hukumomin ƙasarsa yake bi. Baƙon da ya kawo gudummawa ya cancanci godiya, sai dai gudummawarsa ba ta sauke farali daga wuyan mai shi, kamar yadda maƙwabcin da ya taya ka ciyar da iyalinka ran da ka rasa bai zama shi ne maigidan ba.

Potiskum ba ta rasa abin da za ta fara da shi ba. Tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai horar da malamai, tana da fadar Sarkin Fika da ta Mai Potiskum waɗanda jama'a ke jin maganarsu, tana da ƙungiyoyin 'yan kara da na direbobi da na 'yan hatsi waɗanda kuɗi ke ratsa hannunsu kowane mako, ga kuma makarantun Islamiyya na matan aure da sun riga sun tara ɗalibai. Garin da ke iya loda shanu zuwa Legas da Fatakwal ba zai kasa biyan malamin ajin yamma a bakin kara ba, in har ya ɗauki abin da muhimmanci. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmin firamare da sakandare a 2019, ya kamata a tuna cewa iyayen waɗannan yara su ma suna cikin masu jira.

Mu kuwa ɗalibai, kusan kowane ɗayanmu yana da wani a gidansu da yake karanta wa saƙo a waya in ya je hutu, ko uwa, ko kawu, ko yaya. Karanta masa taimako ne na rana ɗaya, kuma kullum aka yi sai ya sake buɗe mana asirinsa. Hutun ƙarshen zango ya isa a koya wa mutum baƙi da wasali na Hausa, domin rubutunta yana bin lafazinta. Ba a bukatar yarjejeniya da kowace ƙasa kafin a fara wannan, littafin rubutu na kwabo da fensir da haƙuri sun wadatar. In baƙo ya zo ya tarar da mu a bakin aiki, sai ya kama mana, ran da ya tashi tafiya kuma mu yi masa rakiya mu dawo mu ci gaba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.